Gida Ba Ya Ƙaura: Kukan Haraji Daga Kasuwar Kurmi Zuwa Utako

Wata ranar Asabar da hantsi ina zaune wajen mai shayi a gefen tashar Jabi, wadda kowa ya san a cikin Utako take, sunan ne kawai na Jabi, sai ga wani dattijo da muka daɗe da sabawa ya nufo ni da takarda a hannu, ya ninke ta gida huɗu. Bakatsine ne, ɗan kasuwar hatsi, yana cikin waɗanda suka shigo garin nan tun ana share daji. Abin da ya tara a shekarun nan duka ya zuba shi a gida ɗaya: bene mai sassa huɗu, yana zaune a ɗaya da iyalinsa, uku kuma 'yan haya. Ya miƙo mini takardar ya ce, "Malam, duba mini wannan, jiya aka manna ta a ƙofa."

Takardar harajin gida ce. Kuɗin da aka rubuta ya kusa ninka na shekarar da ta wuce sau uku, ga kuma wasu bashin baya da aka lissafa a ƙasa, ga gargaɗin cewa in wa'adi ya cika za a kai maganar kotu. Da na gama fassara masa sai ya yi shiru, can ya ce, "To ni dai sayarwa zan yi in koma Katsina. Dama garin ba namu ba ne."

Wannan magana tasa ce ta sa na zauna rubutun nan, domin kuwa ba shi ya fara faɗinta ba. Shekaru ɗaruruwa Bahaushe ya yi yana amsa wa mai karɓar haraji da ƙafarsa.

Bari mu koma Kano. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Kutumbi, wanda ya yi mulki daga 1623 zuwa 1648, shi ne ya fara karɓar jangali daga hannun Fulani. Bayan shekaru kusan ɗari sai aka yi Sarki Kumbari, daga 1731 zuwa 1743, mai yawan yaƙi da yawan buƙatar kuɗi. Ya ɗora wa kasuwar Kurmi haraji har ta kusa mutuwa, shekara ta zagayo ya ɗora wa mutanen birni, har malamai bai bari ba. To me mutane suka yi? Larabawan da ke kasuwanci a Kano suka tattara nasu ya nasu suka koma Katsina, talakawa kuwa da yawa suka fice zuwa ƙauyuka. Babu wanda ya rubuta takardar koke, babu kotun da aka je. Sarki ya wayi gari ya ga rumfuna babu kowa, kuma wannan shi ne ɗaukaka ƙarar da ya fi ji a jikinsa. A wancan zamani ƙasa tana da yawa, mutane ne kaɗan, saboda haka arzikin sarki yawan jama'arsa ne. Gidan talaka kuwa na laka ne da kara da ciyawa, in ya bar shi a nan, kafin damina ta faɗi ya tayar da wani a can.

Ko jihadin 1804 ma akwai maganar haraji a cikinsa. A littafinsa Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa jangali da kuɗin gari da kuɗin salla cikin abubuwan da yake tuhumar sarakunan Haɓe da su. Amma mulki sai da kuɗi. Lokacin da Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya raɗa wa kansa suna Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ya tarar kowane magidanci yana biyan kuɗin ƙasa wuri 2,500 a shekara, kowace rijiyar rini kuma ana biya mata kuɗin karofi wuri 700. Mai karatu ya lura da abu ɗaya a nan: magidanci ake ƙirgawa, da sana'arsa, da shukarsa, da dabbarsa. Ginin da yake kwana a ciki ba shi ne abin awo ba.

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairun 1903, Sakkwato a watan Maris. Lugga bai ɓata lokaci ba wajen tattara waɗannan haraji iri-iri ya mayar da su abu guda, da dokokinsa na 1904 da 1906, sannan wajen 1911 aka kakkafa baitulmali a masarautu. A nan ne aka samu wani abu da ya kamata duk mai gida a Abuja ya san labarinsa, wato awon taki. A ƙasar Kano, cikin shekarun farko na mulkin Turawa, aka ɗauki wasu ma'aikata da ake kira malaman taki, aikinsu shi ne su shiga gona su auna tsawonta da faɗinta da takun ƙafa, su rubuta, a yanka wa mai gona haraji gwargwadon abin da suka rubuta. A takarda abin ya yi kyau, domin an ce kowa zai biya daidai da gonarsa. A cikin gona kuwa, ƙafar ta malamin taki ce. Tsofaffi suna ba da labari cewa wanda ya tarbi malam da kaza da ƙwaryar fura, sai a yi masa dogon taki gonarsa ta ƙanƙance, wanda ya tsaya taurin kai kuwa a yi masa tafiyar hawainiya gonarsa ta kumbura. Su kansu Turawan sun cika rahotanninsu da ƙorafi a kan wannan, har daga baya a yawancin wurare aka koma yanka wa gari kuɗi a dunƙule.

Wannan na dunƙule shi ne harajin da iyayenmu suka sani. Razdan da Di'o su tsayar da abin da gunduma za ta kawo, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya raba wa masu unguwanni, mai unguwa ya zauna da dattawa a raba wa magidanta. Ba na cikin masu yi wa wannan tsari kirari. An yi zalunci mai yawa a cikinsa: an shanya mutane a rana, an sayar da akuyar marayu, an sa manomi ya sayar da hatsinsa da kaka a wulaƙance don ya samu sulallan Bature, tunda an daina karɓar wuri. Ko a yunwar 1913 zuwa 1914 ba a fasa karɓa ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma haraji yana cikin abin da ya tura manoma noman gyaɗa. Amma duk da haka akwai abu ɗaya da ke cikin tsarin wanda yau babu shi: wanda ya yanka maka kuɗin ya san ka. Ya san gobara ta ci rumbunka, ya san ɗanka da ke taya ka noma ya tafi cin rani bai dawo ba. Kana iya zuwa zaurensa da daddare ka durƙusa ka ce, "Ranka ya daɗe, bana ba ni da hali," a rage maka a ƙara wa mai hali. In ya ƙi, kana iya jiran ranar da Di'o zai zo rangadi ka yi ƙundumbala ka kai kuka, in kana da zuciyar ɗaukar abin da zai biyo baya. In duk wannan ya faskara, ga hanya nan. Dagacin da mutanensa suka watse shi zai ciko kuɗin, har rawaninsa yana iya rasawa. 'Yan'uwanmu na ƙasar Faransa, mutanen Maraɗi da Damagaram da Ƙonni, da lanho da aikin tilas suka ishe su, haka suka riƙa tsallako iyaka zuwa ƙasar Ingilishi. Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi, in suka bi salsalarsu, za su tarar da kaka ɗaya da gudun haraji ya kawo shi inda aka haife su.

Wasu al'ummun ba su gudu ba, tsayawa suka yi. A Saliyo, a 1898, da Turawa suka ɗora sule 5 a kan kowane ɗaki, Bai Bureh ya ɗauki makami aka yi ta gwabzawa wata da watanni. A 1929 matan ƙasar Ibo suka tashi a yankin Aba, abin da ya kunna wutar kuwa ƙirge ne, an aiko mutum yana ƙirga mata da awaki a Oloko, suka fahimci haraji ke tafe. Matan Abekuta ƙarƙashin Funmilayo Ransome-Kuti sun matsa a kan harajin mata har Alake ya sauka daga gadonsa a farkon 1949. Abin dariya ma, a can Ingila kanta an yi harajin taga daga 1696 har zuwa 1851, inda ake ƙirga tagogin gida a yanka kuɗi, mutane suka riƙa toshe tagoginsu da bulo suna zama cikin duhu. Mu namu tsayuwar ta zo ne ta hanyar siyasa. NEPU da aka kafa a Kano a watan Agustan 1950 ta ɗauki kukan haraji ta mayar da shi lacca a dandali, kuma a 1979 gwamnonin PRP biyu, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka ba da sanarwar soke haraji da jangali da hawansu mulki. Har yau in ka ambaci Rimi a gaban tsohon manomin Kano, wannan zai fara tuna maka.

Sai dai sokewar ta bar mana wani gado da ba mu cika lura da shi ba. Mutanen da suka taso bayan 1979 sun tashi da ganin cewa haraji abu ne na zalunci da aka riga aka binne. Ba su gaji dabarar iyayensu ta zuwa zauren mai unguwa ba, ba su kuma koyi ta zamani ba. Shi ya sa in takarda ta zo, ɗayan biyu muke yi: ko mu yage ta mu ce ba za mu biya ba, ko mu kira wanda ya kawo ta gefe mu cusa masa wani abu a aljihu, shekara ta zagayo bashin yana nan daram, har da ƙari.

Yanzu bari mu dawo gida. Zaman Bahaushe a wannan yanki ba jiya ya fara ba. A farkon jihadi aka kori Sarkin Zazzau Muhammadu Makau daga Zariya, ya yo kudu da jama'arsa ya sauka wajen Zuba. Ƙanensa Abu Ja ne ya kafa garin Abuja a 1828, garin da yau ake kira Suleja, bayan an ɗauki sunan an ba sabon birni, shi kuma aka saka masa na Sarki Sulaimanu Barau. Wato sunan babban birnin ƙasar nan kansa sunan ɗan gudun hijira ne. A ranar 3 ga Fabrairun 1976 Janar Murtala Muhammad ya ba da sanarwar sabon birnin tarayya bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, aka yi doka ta 6 ta wannan shekara wadda ta damƙa dukkan ƙasar yankin, kimanin murabba'in kilomita 8,000, a hannun gwamnatin tarayya. Gwamnati ta taso daga Ikko a ranar 12 ga Disambar 1991. Utako tana cikin kashi na biyu na tsarin birnin, tsakanin Wuse da Jabi da Mabushi da Wuye, kuma sunan ƙauyen Gbagyi ne, mutanen da mu muke kira Gwarawa, su kuwa sun fi son a kira su da sunansu. In muna kukan baƙunta ya kamata mu riƙa tunawa da su, domin su ne aka wayi gari aka ce gonakin kakanninsu sun zama na tarayya. An gina musu gidaje a Shere-Galuwyi ta wajen Bwari don a mayar da su can, maganar ta yi shekaru tana jan ƙafa. Wannan wani zance ne na daban, wata rana ma yi shi.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne, a Abuja babu mai cewa ƙasa tasa ce ta gado a gaban doka. Aro ake ba ka na shekara 99, da takardar shaidar mallaka. Daga nan ne kuɗi iri biyu suka fito waɗanda mutanenmu ke yawan cakuɗawa, kuma dattijon nan nawa ma ya cakuɗa su, domin abin da ya fara ce mini shi ne ai ya riga ya biya. Na farko kuɗin fili ne, wanda mai takardar mallaka yake biyan hukumar birnin tarayya duk shekara saboda aron ƙasar, ko ya yi gini ko bai yi ba. Tun zamanin ministan Abuja Malam Nasiru el-Rufa'i, daga 2003 zuwa 2007, lokacin da aka kafa AGIS aka shigar da bayanan filaye cikin kwamfuta aka sake sabunta takardu, wannan lissafi ya daina ɓacewa a cikin fayil. Wanda ke ganin wasa ne ya tuna watan Maris na 2025, da minista Nyesom Wike ya soke takardun filaye 4,794 saboda an haura shekara 10 ba a biya ba, har a watan Mayu aka garƙame hedikwatar PDP da ke Wuse kafin shugaban ƙasa ya sa baki a ba da ƙarin kwana 14. Na biyun shi ne harajin gida, wanda ake ɗorawa a kan ginin, kuma na ƙaramar hukuma ne. Birnin tarayya yana da ƙananan hukumomi 6: AMAC, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. Biyan ɗaya ba ya ɗauke maka ɗaya.

Shi wannan na biyun yana da nasa tarihin a kotu, kuma abin sha'awa, a Kano aka fara warware shi. Gwamnatin jihar Kano ta taɓa ba wani kamfanin masu ƙiyasta kadara, Knight Frank and Rutley, kwangilar ƙiyasta gine-ginen birnin don a yanka musu haraji. Daga baya aka soke kwangilar, kamfanin ya kai ƙara, magana ta kai har Kotun Ƙoli. A 1998 kotun ta ce tun farko jiha ba ta da hurumin ba da wannan aiki, domin tsarin mulki ƙaramar hukuma ya ba ikon ƙiyasta gidaje saboda haraji. A wannan shekarar ce kuma gwamnatin soja ta fitar da doka ta 21 wadda ta jera harajin da kowane matakin gwamnati zai karɓa, ta sa harajin gida a layin ƙananan hukumomi. Tsarin mulkin 1999 ya maimaita haka a jadawalinsa na huɗu, amma da sharaɗi: ƙaramar hukuma ce ke ƙiyasta gida, majalisar dokokin jiha ce ke tsayar da abin da za a karɓa. To Abuja ba ta da majalisar jiha, Majalisar Tarayya ce ke tsaya mata a wannan matsayi bisa sashe na 299. A kan wannan gaɓa wani kamfani mai suna Planned Shelter ya kai AMAC da sauran ƙananan hukumomin ƙara, kuma a 2018 babbar kotun birnin tarayya ta ba shi gaskiya, ta ce ba su da ikon karɓa tunda Majalisar Tarayya ba ta tsayar da ƙima ba. Na tuna yadda labarin ya zagaye kasuwar Utako a lokacin, kowa yana cewa an soke harajin gida, kamar Rimi ya dawo. Abin da bai zagaya ba shi ne cewa a 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe wancan hukunci, ta ce suna da iko. Da yawa daga cikin bashin bayan da ke fitowa a takardun mutanenmu, na waɗannan shekaru ne da suka zauna suna jin daɗin rabin labari.

Saboda haka na ce wa dattijon, "Alhaji, maganar ba za mu biya ba, wannan ba tamu ba ce, ta lauyoyi ce da manyan kamfanoni. Tamu ita ce, nawa ne daidai?" Ya ce, "To ai ni ban san da me suka auna ba." Wannan ita ce tambayar. Ba da takun ƙafa ake auna gida ba yanzu, da haya ake auna shi: a ƙiyasta abin da gidan zai kawo in an ba da shi haya shekara guda, sannan a ɗauki wani kaso daga ciki. Har sashen da mai gida yake zaune ana yi masa ƙima. Da na faɗa masa haka ya riƙe baki ya ce, "Wato ni da gidana, hayar kaina ake lissafa mini?" Na ce ƙwarai kuwa. Amma tunda ƙiyasi ne, ɗan'adam ne ya yi shi, wani lokaci ma daga bakin titi ya tsaya ya ɗaga kai ya ƙirga tagogi ya wuce. Malamin taki bai mutu ba, biro ya samu.

Muka baje takardar a kan tebur muka bi ta layi-layi. Lambar fili daidai ce. Sunan kuwa na wanda ya sayar masa da filin ne tun shekarun 1990. A wajen bayanin gini an rubuta sassa shida maimakon huɗu, ashe ɗakunan baya guda biyu, ɗaya na maigadi ɗaya na ajiyar buhuna, su aka mayar sassa. Sannan an sa gidan a layin wuraren kasuwanci, saboda wani ɗan kanti da ɗansa ya buɗe a jikin katanga yana sayar da katin waya da ruwan leda. A Utako wannan kuskure yana da sauƙin faruwa, domin duk wanda ya san unguwar shekaru 20 da suka wuce ya san yadda otal-otal da ofisoshi da tashoshin manyan motocin kudu suka cinye gidajen kwana, har ya zama mai ƙiyasi yana ɗauka kowane gini a kan titi kasuwa ne. Bashin bayan kuma, shekara biyu daga ciki ya biya, sai dai a hannu ya ba wasu samari da suka zo da riga mai tambari, rasiɗin da suka ba shi kuwa ko lamba babu. Wannan kam na gaya masa gaskiya, ya ɗauka sadaka ya yi.

Da can, irin wannan matsala wajen Sarkin Hausawa ake kai ta. Haka zango yake tafiya ko'ina, daga Kumasi har Sabo ta Ibadan da aka kafa a 1916: hukuma ba ta san baƙo ɗaya-ɗaya ba, sarkinsu ta sani, shi ke karɓa ya kai, shi ke roƙo a rage. Alhaji ma abin da ya fara kawowa ke nan, a je a samu manya su yi magana. Ban hana shi ba, domin gaisuwa ba ta ɓata komai. Amma na nuna masa cewa wannan takarda ba a yanka wa Hausawan Utako ita a dunƙule ba balle a raba, lambar filinsa ce a kai, kuma ko wane babba ya yi magana, in ba a canja abin da ke cikin rajista ba, baɗi ma haka za ta fito.

Muka rubuta wasiƙa shafi ɗaya zuwa ga shugaban sashen da aka ambata a ƙasan takardar. Ba mu yi zagi ba, ba mu yi magiya ba. Muka ce mun karɓi takarda mai lamba kaza ranar kaza, ba mu yarda da ƙiyasin ba saboda dalilai uku, muka jera su, muka roƙi a aiko a sake duba gidan a gaban mai shi. Muka haɗa hotunan gidan ciki da waje, da kwafin yarjejeniyar 'yan haya uku mai nuna abin da suke biya da gaske, da zanen ginin da hukuma ta amince da shi, da rasiɗan bankin shekarun da ya biya ta hanyar da ta dace. Na nace a kan abu biyu. Na ɗaya, a kai kafin wa'adin da ke jikin takardar ya cika, domin wanda ya yi shiru har lokaci ya wuce, ana ɗauka ya yarda. Na biyu, a yi kwafi biyu, a buga wa namu hatimi da kwanan wata a wajen karɓa. Takardar da ba ta da hatimin karɓa, in ta ɓace, kamar ba a taɓa rubuta ta ba. Na kuma gaya masa cewa in abin ya ƙi, akwai masu ƙiyasta kadara masu rajista, waɗanda doka ta san da sana'arsu tun 1975, ana iya ɗaukar ɗaya ya rubuta nasa rahoton, kuma maganarsa tana da nauyi a gaban kotu fiye da rantsuwar mai gida. Akwai kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, ita ma ta 1975, wadda marigayi Ɗanmasanin Kano Alhaji Yusuf Maitama Sule ya fara shugabanta, kuma ba a biyan ko kwabo a kai mata kuka. Da ya ji sunan Ɗanmasani sai fuskarsa ta saki, kamar an ce masa wani ɗan'uwa yana aiki a wurin.

Sau uku muka je. Zuwan farko aka ce mai hatimin ya fita, muka zauna a benci har ya dawo. Zuwa na biyu aka ce fayil yana sama. Wani matashi ya biyo mu har bakin mota yana cewa, "Baba, ai da kun gan ni da tuni an gama," Alhaji ya kalle ni, na girgiza kai. A na uku aka ba mu rana. Mutum biyu suka zo da tef ɗin awo, suka shiga ɗakin buhuna suka ga buhuna, suka leƙa ɗakin maigadi suka ga tabarma da buta. Kantin ne muka yi ta ja a kansa, su suna cewa kasuwanci kasuwanci ne, mu muna cewa taga ɗaya ba ta mayar da gidan mutum kasuwa. A ƙarshe aka mayar da gidan layin gidajen kwana mai sassa huɗu, aka yi wa kantin nasa lissafi daban. Sabuwar takardar da ta fito ta fi ta bara, domin haya ta tashi a Utako kuma wannan ba mu da bakin musu a kai, amma ba ta kai rabin wadda aka manna a ƙofa ba. Shekara biyun nan na samari masu riga kuwa sai da ya sake biya. Sunan tsohon mai filin ma yana nan a kai, domin gyaransa sai an bi ta ofishin filaye, wata doguwar hanya ce da ya daɗe yana gudu saboda kuɗinta.

Ranar da ya biya a banki ya kira ni gidansa. Ya jawo wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado don ya ajiye rasiɗin, sai ga wasu 'yan takardu jajaye-jajaye sun tsufa, an ɗaure su da zare. Takardun harajin mahaifinsa ne na En'e ta Katsina, na shekarun 1960. Ya ce tsohon ba ya fita ko nan da Funtuwa sai da ta shekarar a aljihu, domin a tasha 'yan doka suna iya tare mutum su ce ya nuna, in babu a sauke shi daga mota. Ya ɗora sabon rasiɗin a kansu ya mayar da zaren ya ɗaure. Na tambaye shi maganar komawa Katsina. Ya ce, "Malam, bari dai mu ga abin da za su rubuto baɗi. Kai dai ka ajiye mini kwafin wasiƙar nan a kwamfutarka."